Malamar Matan Restinga da Kujerar da Aka Sa wa Sunanta

Haihuwa da Asali

An haifi Idalina Viegas Mealha a watan Maris na shekarar 1934 a Restinga, garin masunta da ke gaɓar tekun Algarve, a kudancin ƙasar Portugal. Mahaifinta, Gregório Mealha, masunci ne da ke aiki a jirgin wani, mahaifiyarta kuwa, Benvinda Viegas, tana cikin matan da ke gyaran kifi a masana'antar kifin gwangwani ta iyalan Calvinho, wadda a wancan zamani rabin mutanen gari ke cin abinci a ƙarƙashinta. Idalina ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce mace. Babu wanda ya iya karatu ko rubutu a gidan, babu kuma wanda ya ɗauki hakan a matsayin aibi, domin haka akasarin unguwar take.

A watan Fabrairun 1941 guguwar da ta afka wa gaɓar ta kifar da jirgin da Gregório yake ciki a daidai mashigar gari, jama'a na tsaye a kan tudu suna kallo, babu halin kai ɗauki. Bayan rasuwarsa, ƙanwarsa Perpétua, wadda ke sana'ar ɗinki, ta karɓi riƙon yarinyar, ta kuma sa ta a makarantar firamare ta 'yan mata, bisa sharaɗin cewa da zarar ta gama aji huɗu za ta koma ta taimaki mahaifiyarta.

Karatu da Shiga Masana'anta

Ta kammala aji huɗu a 1945 da sakamako mai kyau, aka kuma cika alkawari. Tana da shekara goma sha ɗaya ta sa rigar aiki, ta tsaya kusa da mahaifiyarta tana cire kawunan kifi. Tsarin aikin shi ne, idan an hango jirage sai a kaɗa jiniya, mata su bar duk abin da suke yi su sheƙo a guje. Sau da yawa sukan iso su tarar kifin bai sauka ba, su zauna a wata doguwar rumfa da ke bayan masana'anta suna jira, wani lokaci tun hantsi har la'asar, ba tare da an biya su ladan wannan zaman ba.

A wannan rumfa Idalina ta fara karanta wa matan wani labarin soyayya da jarida ke bugawa kashi-kashi. Jaridun tsofaffi ne, waɗanda 'yan kasuwa ke naɗe kaya da su, saboda haka in an samu wannan kashi, ba lalle ne a samu mai bi masa ba. Inda aka samu giɓi sai yarinyar ta cike da nata, idonta a kan takarda kamar karantawa take yi. Ta daɗe tana haka, har ranar da wata budurwa mai suna Zulmira Pataco, wadda ta girme ta da shekara uku, kuma duk rumfar ake shakkar bakinta, ta dakatar da ita.

"Tsaya, tsaya, 'yar Benvinda. Ba wannan mutumin ba ne kika ce ya mutu makon jiya? Ya aka yi yau yake neman aure?"

"Ai suma ya yi," in ji Idalina.

"Suma? An binne shi fa! Har uwarki ta yi kuka ta jiƙe ɗankwali! Nuna mini inda aka rubuta suma."

Idalina ta ɗora yatsa a kan wani layi. Zulmira ta ƙura masa ido, matan rumfa suna ta dariya.

"Ni tsutsotsi kawai nake gani," ta ce. "To, tunda haka ne, ki koya mini. Daga yau ba za a ƙara binne mutum a tashe shi ina zaune ba."

Da gawayi, a kan murfin akwatin kifi, aka yi darasin farko, a shekarar 1947. Kafin shekara ta zagayo Zulmira ta iya haɗa baƙi, wasu mata biyar suka bi sahunta, kuma daga nan aka ƙulla amincin da ya kai kusan shekara saba'in.

Fara Aikin Koyarwa

Labarin wannan aji ya kai kunnen tsohuwar malamarta ta firamare, wadda ta ɗauki nauyin shirya ta kyauta. A 1952 ta ci jarrabawar da ke ba wa wanda bai je kwaleji ba damar riƙe ƙaramar makarantar ƙauye, aka tura ta Cerro da Moita, can cikin duwatsu inda mota ba ta zuwa. Ta yi shekara biyar tana koyar da yara da safe, iyayensu kuma ranar Lahadi bayan an taso daga coci. A nan ne ta kafa ƙa'idojin da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta. Ba ta tsayawa a kan baligi, sai dai ta jawo kujera ta zauna a gefensa. Ba ta gyara kuskure da jan alƙalami, kuma ba ta sa kowa ya yi karatu da ƙarfi sai ya nema da kansa. Kalmar farko da take koya wa mutum ita ce sunan ɗansa, ko na wanda yake ƙauna, domin ta lura cewa mutum ya fi jure wahala idan saboda wani yake yin ta.

A 1957 aka mayar da ita makarantar 'yan mata ta Restinga. A lokacin hukuma tana kira ga masu masana'antu da su buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, don haka mai masana'antar, Honorato Calvinho, ya amince ta ci gaba da koyarwa a rumfar jiran kifi bayan ta tashi daga makaranta, ganin cewa ba zai kashe ko sisi ba, zai kuma samu yabo. A 1961 ta zauna wata jarrabawar, ta samu cikakkiyar shaidar malanta.

Aure da 'Ya'ya

A 1958 Albano Carrusca, makanikin injunan jiragen kamun kifi, mutum mai shiru-shiru da barkwanci a ɓoye, ya nemi aurenta. Dokar wancan zamani ta wajabta wa malama neman izinin ma'aikatar ilimi kafin ta yi aure, tare da shaidar cewa mai nemanta mutumin kirki ne kuma yana da abin hannu daidai da nata. Da ta gaya masa, sai ya ajiye sifana ya share hannu.

"Na nemi izinin uwarki, na nemi na gwaggonki, na nemi na limamin coci. Yanzu kuma sai na minista? Shi ma a ware masa nasa kwanon ranar biki?"

"In ka gaji ka faɗa."

"Ni? Mutumin da ke lallashin injin tsohon jirgin Calvinho ya tashi kullum safiya? Ki rubuta kawai."

Izinin bai fito ba sai bayan kusan shekara, aka ɗaura auren a watan Yunin 1959. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Telmo a 1960, Graciete a 1963, Lídia a 1965, wadda ta rasu tana jaririya, sai Hélder a 1967.

Kora daga Aiki da Shekarun Ƙunci

Zuwa 1969 mata wajen ɗari biyu sun bi ta ajin rumfa. A bazarar wannan shekara Zulmira ta karanta a jarida cewa a wasu masana'antun arewa ana biyan mata ladan zaman jira. Ta zaga gida-gida ta karanta wa sauran, kuma wata safiya, a tsakiyar kakar kifi, aka kaɗa jiniya babu macen da ta fito. Kifin ya ruɓe a bakin tashar jirage. Honorato Calvinho ya kai ƙara wajen 'yan sandan siyasa na gwamnatin kama-karya, ya ce malamar rumfa ce ta kitsa komai, alhali ita ba ta ji labari ba sai da safiyar, kamar kowa.

An tsare ta a birni na wasu makonni. Abu ɗaya ake nema daga bakinta, shi ne sunan wadda ta jagoranci matan.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai tuhumarta, "ni baƙaƙe na koya musu. Ba na bin kowa gida in ga abin da take karantawa da su."

"Kina da yara uku, Malama Idalina. Suna ɗaya kawai, ki koma makarantarki gobe."

Ba ta ba da sunan ba. Aka sallame ta, amma aka kore ta daga aikin gwamnati, aka kuma haramta mata koyarwa. Masana'anta ta kori mata goma sha biyu, ciki har da Zulmira, wadda aka gano ta ta wata hanyar, aka sa wa rumfar kwaɗo. Masu jirage suka daina kiran Albano don gudun ɓacin ran Calvinho, har a 1970 ya tsallaka zuwa Faransa neman aikin gini. Idalina ta koma wankau a wani masauki, tana kuma koyar da mata bibbiyu a ɗakin girkinta da sunan ɗinki suke koyo. Abin da ya fi ci mata rai a waɗannan shekaru shi ne, a 1972 dole ta sa ta cire Telmo daga makaranta yana ɗan shekara goma sha biyu, ya shiga dakon ƙanƙara a tashar jirage, domin abin da ke shigowa bai isa ciyar da gida ba.

Komawa Aiki da Kafa Ƙungiyar Karatu

Bayan juyin mulkin 1974 an soke hukuncin da aka yi mata, ta koma bakin aiki a 1975, shekarar da Albano ya dawo gida da ciwon ƙirji da bai rabu da shi ba. A 1976, ita da Zulmira da wasu tsofaffin ɗalibanta suka kafa Ƙungiyar Karatu ta Restinga a wani tsohon ɗakin ajiyar raga da ke bakin tasha. Mata suka cika ɗakin, amma maza suka ƙi zuwa, sai da hukuma ta sa jarrabawar rubutu ga duk mai son lasisin tuƙa jirgi. Ko a nan ma kunya ta hana su, har sai da Albano ya ba da shawara a sanar cewa darasin taswirar teku ake yi. Da wannan suna masunta da dama suka koyi karatu, kuma duk da kowa a gari ya san gaskiyar magana, babu wanda ya taɓa tona musu asiri.

Mutum biyu ne suka gagare ta, kuma dukansu na gida ne. Telmo ya ƙi zama a ajin mahaifiyarsa, sai daga baya ya je wani gari ya ƙarasa karatunsa ba tare da ya gaya mata ba. Mahaifiyarta Benvinda kuwa, duk lokacin da aka kawo mata allo sai ta ture shi.

"Ni na haifi mai karatu, wannan bai isa ba? Sai kin ga hannuna yana rawa a gaban yaran da na yi wa wanka? Bar ni in mutu da mutuncina, 'yar nan."

Haka kuwa ta rasu a 1979 ba ta iya rubuta sunanta ba. Idalina ba ta ƙara tilasta wa kowa ba tun daga nan, kuma takan gargaɗi sababbin malamai cewa akwai mutanen da ba jahilci suke ƙauna ba, tsoron wulaƙanci ne ya fi ƙarfinsu.

Honorato Calvinho ya rasu a 1981 ba tare da sun sake gaisawa ba, masana'antar kuma ta rufe a 1984.

Ritaya

Ta yi ritaya daga aikin gwamnati a 1999, amma ba ta bar ƙungiya ba. A lokacin ɗalibai sun canza. Akasarinsu baƙi ne daga Cape Verde da Ukraine, daga baya har da Nepal, waɗanda ke aiki a otal-otal da gonakin rumfar leda, wasu suna neman harshen ƙasa, wasu kuma ko a harshensu ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Albano ya rasu a 2004. Daga 2011, sakamakon matsin tattalin arziki, tallafin da ƙungiyar ke samu ya tsaya, malaman sa-kai suka ragu zuwa biyu, dukansu sun haura saba'in, ga shi babu wani matashi da aka horar ya gaje su.

Kujerar Farfesa

A farkon 2012 baƙi biyu suka yi sallama a gidanta: shugaban tsangayar ilimi ta Jami'ar Sotavento, da wata mata mai suna Mafalda Calvinho, jikar Honorato, wadda ta mayar da filin tsohuwar masana'anta otal kuma ta yi arziki da shi. Suka bayyana mata cewa Mafalda tana son ta keɓe dukiya mai yawa a matsayin waƙafi a jami'ar, ba za a taɓa uwar kuɗin ba, ribar ce za ta riƙa biyan wani farfesa da zai yi bincike a kan koyar da manya karatu, ya kuma horar da malamai, har abada, kuma wannan muƙami, da ake kira kujerar farfesa, zai ɗauki sunan Idalina Mealha. Ta ba su gahawa da busasshen ɓaure, ta yi godiya, ta ce za ta yi shawara.

Zulmira, wadda a lokacin ta haura tamanin, ita ta fara jin labari.

"Kujera? Ke da in kin zauna sai an tashe ki, me za ki yi da kujera?"

"Ba ni zan zauna ba. Wani farfesa za a ɗauko."

"Ah, to! Ke da wahala, wani da zama." Ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Idalina, kuɗin nan na wane ne? Zaman da muka yi a rumfa ne, tun hantsi har la'asar, ba ko sisi. Kakan ya cinye, jikar tana neman abin goge baki, ta ga sunanki fari tas. In kika karɓa, kada ki ƙara cewa don mu kika yi shiru a hannun 'yan sanda."

Telmo, wanda ya zama mai jirgin kansa, bai ɗaga murya ba.

"Mama, har yau in sanyi ya shigo yatsuna ba sa miƙewa. Kin san dalili. Sunanki ne, ki yi yadda kika ga dama, amma kada ki ce in je in tafa musu."

Ta shafe watanni tana juya al'amarin. Ba ta ga kuskure a maganar ko ɗayansu ba. Amma kullum ta je ɗakin ƙungiya sai ta tarar da mutane a kan benci suna jiran malamin da babu, ta kuma san cewa ranar da ƙafarta ta gaza za a sa wa wannan ɗakin ma kwaɗo, abin da ta koya cikin shekara sittin da biyar ya bi ta kabari, tunda ba ta taɓa rubuta shi ba. Daga ƙarshe ta aika aka kira Mafalda ita kaɗai.

"'Yata, ban riƙe ki da laifin kakanki ba, lokacin kina zanin goyo. Amma sunana ba sabulu ba ne. In kina son sa, da sharaɗi biyu. Na farko, ki zo ɗakin ƙungiya, ki tsaya gaban matan da aka kora, ki faɗi da bakinki abin da aka yi musu da kuma inda dukiyar nan ta samo asali. Na biyu, duk wanda zai hau kujerar, komai girmansa, rana ɗaya a mako zai zo Restinga ya zauna gefen ɗalibi ya koyar da kansa."

Mafalda ta amsa:

"Shi ya rene ni, Malama Idalina. A kan cinyarsa na koyi karatu."

"Na sani. Ban ce ki zage shi ba. Cewa na yi ki faɗi abin da ya faru."

Sharaɗi na biyu ya jawo doguwar muhawara a majalisar jami'a, inda wasu suka kafa hujja da cewa ba a ɗaure wa farfesa ƙafa da aikin da ba na bincike ba, kuma manyan masana za su guji kujerar. Mafalda ta tsaya a kan cewa in babu sharaɗin babu waƙafi, kuma a 2013 majalisa ta amince. A ƙarshen wannan shekarar Mafalda ta cika sharaɗi na farko. Cikin mata goma sha biyun, huɗu ne suka rage a raye. Ta tsaya a gabansu ba takarda a hannu, ta ce kakanta ya zaunar da su ba lada, ya kore su don sun nemi haƙƙinsu, ya kuma yi wa malamarsu ƙazafi, kuma da wannan dukiya aka gina abin da ta gada. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta fashe da kuka, wata ta ce komai ya wuce. Zulmira ta dogara sanda ta miƙe.

"Na ji, yarinya. Kin fi shi zuciya, wannan kam na ba ki. Amma ban yafe ba, kuma ba ke ce za ki roƙa masa ba." Ta juya wajen Idalina. "Ke kuma, Allah ya sanya alheri a kujerarki."

Daga ranar ta ɗauke ƙafa daga gidan aminiyarta.

An ƙaddamar da Kujerar Idalina Mealha ta Ilimin Manya a watan Oktoban 2014, aka naɗa Farfesa Duarte Quental a matsayin wanda ya fara riƙe ta. Telmo ne ya kai mahaifiyarsa a mota, amma bai shiga zauren ba. Jawabinta gajere ne. Ta gode wa jami'a da mai waƙafi, ta ambaci sunayen mata goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"An gaya mini wannan kujera ba ta mutuwa. Ni fatana ta mutu. Ranar da aka nemi baligin da bai iya karatu ba a ƙasar nan aka rasa, ku rufe ta, ku yi wani abin da kuɗin. Kafin nan, Farfesa, ranar Laraba muke farawa, kuma kada ka zo da wannan kwat ɗin, ɗakin namu ƙarnin kifi yake yi."

Shekarun Ƙarshe

Farfesa Quental ya cika alkawari. Duk Laraba yakan zo da ɗalibansa masu koyon malanta, kuma cikin shekara biyu shi da Idalina suka tattara hanyarta ta koyarwa a rubuce, aka buɗe wasu azuzuwa a garuruwan maƙwabta. Wannan ya faranta mata rai, sai dai bai cike mata gurbin da Zulmira ta bari ba. Sukan haɗu a coci ko a kasuwa, su gaisa sama-sama, kowa ta wuce.

A 2016 aka kwantar da Zulmira a asibiti. Idalina ta je ba tare da an kira ta ba.

"Wa ya aiko ki?" in ji mara lafiyar.

"Ba kowa."

"To zauna, kin tsaya mini a ka kamar likita. Amma in kika kawo mini zancen kujerar nan, na rantse sai na sa a fitar da ke."

Suka yi hirar jikoki da tsadar kifi da waɗanda suka riga su tafiya. Idalina ta ci gaba da zuwa kullum har Zulmira ta cika kafin wata ya ƙare, kuma babu wadda ta sake tayar da maganar, babu kuma wadda ta sauya ra'ayi.

Rasuwa da Jana'iza

Idalina ta ci gaba da zuwa ɗakin ƙungiya har bazarar 2019, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Ta rasu a gidanta da ke Restinga a watan Nuwamban wannan shekarar, tana da shekara tamanin da biyar, 'ya'yanta suna kewaye da ita.

An yi mata addu'a a cocin gari. Kamar yadda aka saba, an ajiye littafin ta'aziyya a kan tebur a bakin ƙofa, wanda a yawancin jana'iza mutane kan wuce shi ba su kula ba. A wannan rana kuwa layi ya miƙe daga ƙofar coci har bakin tasha. Tsofaffin matan masana'anta, da masunta, da ma'aikatan gona baƙi, kowa ya ce sai ya rubuta sunansa da hannunsa, kuma da yawansu a hankali suke rubutu, baƙi bayan baƙi, suna ciza leɓe. Littafin ya cika, aka nemo wani. Lokacin ɗaukar gawa ya yi ya wuce, limamin coci ya fito yana duba agogo, ya ce ko za a bari wani ya rubuta wa sauran. Telmo, wanda ya riga ya ɗauko kujera daga cikin coci ya ajiye a gaban teburin don tsofaffi, ya girgiza kai.

"A bar su, ranka ya daɗe. Ita ba ta taɓa gaggauta kowa ba. Za ta jira."

Sai da na ƙarshe ya ajiye alƙalami aka ɗauke ta, aka binne ta da yamma a maƙabartar gari, kusa da mijinta Albano da 'yarta Lídia.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Telmo Mealha Carrusca, mai jirgin kamun kifi a Restinga, Graciete Mealha Carrusca, ma'aikaciyar jinya a Lisbon, da Hélder Mealha Carrusca, kafinta a Faro, tare da jikoki bakwai da tattaɓa-kunne uku. Allah ya ba ta hutawa, ya saka mata da mafificin abin da ta yi wa al'ummarta.